Kafin a Yi Filasta, a Zaɓa wa Akwatin Wuta Wuri

Sana'ata wayarin ɗin gidaje ce, kuma a sabon gini ba abin da na fi jayayya da masu gida a kansa kamar wurin kafa akwatin bireka, wanda ke rarraba wuta zuwa ɗakuna. Kusan kowa so yake a ɓoye shi. "Malam, saka shi a kicin bayan firij, kada ya ɓata mini falo." Ina fahimtar son ado, amma bayan firij na daga cikin wurare mafi muni a gidan gaba ɗaya.

Firij ta baya yake fitar da zafinsa, dare da rana. Bireka kuwa da zafi take aiki: akwai wani siririn ƙarfe a cikinta da ke lanƙwashewa idan wuta ta yi yawa, sai ta yanke. Yawancin ƙananan birekokin gida an auna su ne a kan zafin digiri 30. To ka haɗa bazarar Kano ko Sakkwato, da zafin firij, da na murhu. Sai bireka ta riƙa faɗuwa ba gaira ba dalili, mai gida ya gaji, ya kira wani yaro ya sa masa babba. Daga nan wayar ta rasa mai tsaronta, za ta iya narkewa cikin bango bireka tana tsaye.

Ga tururin girki da maiƙo. Suna shiga akwatin, ƙurar hunturu ta manne musu, tsatsa ta kama wurin ɗaurin waya, ɗauri ya saki, tartsatsi ya fara. Idan akwai tukunyar gas a ƙasa kuwa, sai dai Allah Ya kiyaye, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ba ya saurin ficewa, taruwa yake yi a ɗaki. Batiran inbata masu ruwa su ma suna fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, don haka ba a jera su ƙarƙashin akwati a rufaffen sito.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin haɗari. Wutarmu volt 230 ce, tana kisa. Ranar da ta kama yaro ko soket ya fara hayaƙi, uwargida ce a gida, kuma daƙiƙoƙi take da su. Za ta tsaya tura firij cike da kaya kafin ta kai hannu?

Wurin da nake ba da shawara shi ne busasshen bango a korido ko kusa da ƙofar shiga, mai haske da iska, wanda ba faif ɗin banɗaki ko na hita a cikinsa. A bar fili kamar mita ɗaya a gabansa. Tsayinsa ya zama inda babba zai kai ba tare da hawa kujera ba, yaro kuma ba zai kai ba. A sa na'urar kariya ta miliamfiya 30 mai yanke wuta idan ta bi jikin mutum, a kafa sandar ƙasa, a rubuta sunan kowane ɗaki a jikin birekarsa.

Alhaji, Hajiya, ku zaunar da magini da mai wayarin tare tun gini yana matakin bulo, ku nuna musu inda firij, murhu da hita za su zauna. Bayan filasta da tayil, gyaran sai an fasa bango.