BABI NA TARA: LAMBAR YABO A MATSAYIN MADOGARAR TARIHI, NAZARIN RAYUWAR SOJA HARRY PATCH

9.1 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda ake tattara bayanai domin rubuta tarihin rayuwar mutum. A wannan babi kuma za a dubi wata madogara da ɗalibai ba su cika kula da ita ba, wato lambar yabo ta soja. An zaɓi rayuwar wani kurtun sojan ƙasa na Birtaniya mai suna Harry Patch domin ta zama misali. Ana sa ran a ƙarshen darasin ɗalibi zai iya rarrabe ire-iren lambobin yabo, ya kuma tantance abin da lamba ke iya tabbatarwa da abin da ba ta iya tabbatarwa.

9.2 Taƙaitaccen Tarihin Harry Patch

An haifi Harry Patch ranar 17 ga Yuni, 1898, a ƙauyen Combe Down da ke kusa da birnin Bath a ƙasar Ingila. Bayan ya bar makaranta, sai ya shiga koyon aikin famfo. A shekarar 1916 gwamnatin Birtaniya ta kafa dokar shiga soja dole, saboda masu shiga don ganin dama sun kasa cike gurbin waɗanda ake kashewa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wannan doka ce ta hau kansa, aka ɗauke shi a watan Oktoba na wannan shekara.

A watan Yuni na 1917 aka tura shi Faransa, ya kasance cikin bataliya ta 7 ta rundunar sojan ƙasa mai suna Duke of Cornwall's Light Infantry. Aikinsa shi ne mataimakin maharbin bindigar Lewis, wata bindiga mai sarrafa kanta wadda kwanson harsashinta ke cin harsashi 47. Su biyar ne ke kula da bindigar. Ya halarci gumurzun Passchendaele a yankin Ypres na ƙasar Beljiyam, wanda aka gwabza daga 31 ga Yuli zuwa 10 ga Nuwamba, 1917, cikin ruwan sama da taɓo. A daren 22 ga Satumba, 1917, harsashin igwa ya fashe a kansu, ya kashe abokan aikinsa uku, shi kuma ɓarɓashin ƙarfe ya shige masa a matsematsi. Daga nan aka mayar da shi Ingila jinya, kuma yana tsibirin Wight lokacin da aka tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba, 1918.

Bayan yaƙi ya koma sana'arsa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin kashe gobara a Bath, birnin da jiragen Jamus suka yi wa ruwan bama-bamai a watan Afrilu na 1942. Bai yarda ya yi magana a bainar jama'a kan abin da ya gani a fagen fama ba, sai da ya kai shekara 100. Ya rasu ranar 25 ga Yuli, 2009, yana da shekara 111, kuma shi ne na ƙarshe da ya rage daga cikin sojojin Birtaniya da suka yi yaƙi a cikin ramukan dāga.

9.3 Ire-iren Lambobin Yabo

A Hausa, "lambar yabo" da "lambar girma" sukan maye gurbin juna a bakin masu magana. Amma mai nazari ya wajaba ya rarrabe iri uku:

(a) Lambar jarunta: ita ce ake bai wa soja saboda wata bajinta ta musamman a gaban abokan gaba. Mafi girma a Birtaniya ita ce Victoria Cross, wadda aka ƙirƙiro a 1856.

(b) Lambar halartar yaƙi: ita ce ake bai wa duk wanda ya yi aiki a wani fagen fama cikin wani ƙayyadadden lokaci, ko ya yi fice ko bai yi ba.

(c) Lambar karramawa: ita ce wata hukuma ke bayarwa domin girmama mutum, wani lokaci bayan shekaru masu yawa.

9.4 Lambobin Harry Patch

Daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, Patch ya sami lambobi biyu, dukkansu na halarta. Ta farko ita ce Lambar Yaƙi ta Birtaniya, wadda aka ƙera da azurfa, da hoton kan Sarki George na Biyar a fuskarta, da kuma mahayin doki a bayanta. An raba kimanin miliyan 6.5 daga cikinta. Ta biyu ita ce Lambar Nasara, ta tagulla, mai ƙyalle launin bakan gizo. A gefen kowace lamba an buga lambar aikin soja da muƙaminsa da sunansa da kuma rundunarsa. Daga yaƙi na biyu kuma ya sami Lambar Kare Ƙasa, saboda aikin kashe gobara.

Lambobin karramawa sun zo masa ne da tsufa. A 1998, cikar shekara 80 da ƙare yaƙin, Faransa ta yanke shawarar bai wa tsofaffin sojojin ƙawance da suka rage lambarta ta Légion d'honneur, kuma Patch yana cikinsu. An ɗaga matsayinsa a cikin wannan lamba a 2009. Beljiyam ita ma ta ba shi lambar Leopold a 2008.

Akwai wata lamba da bai samu ba, wato Tauraron 1914-15, wanda aka keɓe wa waɗanda suka shiga fagen fama kafin ƙarshen shekarar 1915. Rashin wannan tauraro shi kansa hujja ne. Ko da ba a san tarihin mutumin ba, idan aka ga lambobi biyun nan babu tauraro, ana iya cewa bai isa fagen fama ba sai daga 1916 zuwa gaba.

9.5 Iyakar Abin da Lamba ke Faɗa

Lamba tana tabbatar da suna da runduna da zamanin aiki, amma ba ta faɗin raunin da soja ya ji, balle abin da ke cikin zuciyarsa. Wanda ya ga ƙirjin Patch cike da lambobi zai iya zaton mutum ne mai alfahari da yaƙi, alhali kuwa ya sha bayyana yaƙi a matsayin asarar rayuka. Ranar 22 ga Satumba ya riƙa a matsayin ranar tunawa da abokansa, kuma a 2004 ya gana da wani tsohon sojan Jamus mai suna Charles Kuentz, suka gaisa hannu da hannu.

Saboda haka dole a haɗa lamba da wasu madogarai. Kimanin kashi 60 cikin 100 na fayilolin sojojin Birtaniya na wancan yaƙi sun ƙone sakamakon harin bam a Landan a watan Satumba na 1940. Katunan rajistar lambobi, waɗanda kwafinsu ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kew, su ne suka zama babban abin dogaro. Patch ya yi sa'a, domin ya rayu har ya ba da labarinsa da bakinsa, aka buga shi a littafi a 2007.

Wannan batu ya shafe mu ta wata fuska. Sojojin Nijeriya da suka yi yaƙi a Kamaru da Gabashin Afirka a ƙarƙashin Birtaniya su ma an ba su irin waɗannan lambobi. Malamin da ɗalibinsa ya kawo masa lambar kakansa, kada ya yi gaggawar cewa ta jarunta ce, kada kuma ya raina ta. Ya juya gefenta ya karanta tukuna.

9.6 Auna Fahimta

1. Kawo ire-iren lambobin yabo guda uku, tare da misali ɗaya ga kowane.
2. Me rashin Tauraron 1914-15 ke nunawa game da aikin Harry Patch?
3. Bayyana ma'anar waɗannan kalmomi kamar yadda aka yi amfani da su: kurtu, gumurzu, igwa, matsematsi, madogara.
4. Fito da jimloli biyar da aka ɓoye mai aikatawa a cikinsu ta amfani da "an" ko "aka".
5. Tsara darasi na minti 40 ga ɗaliban ƙaramar sakandare, wanda za ka yi amfani da wani tsohon abu na gida wajen koyar da rubutun tarihin rayuwa.