Lambar Okten: Shin Fetur Mai Tsada Yana Ƙara wa Mota Ƙarfi?

A gidajen mai na ƙasashen Turai direba yakan tarar da fetur iri biyu, an rubuta wa ɗaya 95, ɗayan kuma 98. A Amurka lambobin su ne 87 da 89 da 91 ko 93. Duk wanda lambarsa ta fi girma shi ya fi tsada, don haka mutane da dama suka ɗauka cewa shi ya fi ƙarfi, kamar yadda tuwo ya fi kunu riƙe ciki. Wannan zato kuskure ne. Lambar nan, wadda masana ke kira lambar okten, ba ƙarfin mai take aunawa ba. Haƙurinsa take aunawa, watau yadda zai jure matsi da zafi bai kama da wuta da kansa ba.

Kafin ɗalibi ya gane amfanin wannan haƙuri, sai ya san abin da ke gudana a cikin inji. Yawancin motoci masu shan fetur suna aiki ne da tsarin nan mai matakai huɗu da Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera a 1876. Fistin yakan sauka ya zuƙo iska da mai cikin silinda, sa'an nan ya hau ya matse su. Fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta kama ta tura fistin ƙasa, daga nan ya sake hawa ya fitar da hayaƙi. Mataki na biyu shi ne abin lura. Idan aka ce matsin inji 10 ne bisa 1, ana nufin an dunƙule iska da mai har sun koma kashi ɗaya cikin goma na wurin da suka cika da farko. Kowane ɗalibin kimiyya ya san iska takan yi zafi idan an matse ta. Wanda ya taɓa famfon keke bayan an gama ba taya iska ya ji shaida a tafin hannunsa.

To, a inji mai lafiya, wuta takan tashi daga bakin fulogi ta bi cikin silinda a tsanake, tamkar gobarar daji da ke cin ciyawa daga gefe guda zuwa ɗaya gefen. Amma yayin da take tafiya, tana ƙara matse ragowar man da ke can lungu, tana ƙara masa zafi. Idan man ba mai haƙuri ba ne, sai ragowar nan ta fashe da kanta tun wutar ba ta iso ba. Fashewar takan girgiza bangon silinda, a ji wani ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani, musamman in mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu. Wannan shi ne ƙwanƙwasar inji. Kada a haɗa shi da abin da makanikai ke nufi in sun ce inji ya buga, domin wancan galibi rashin baƙin mai ne ke jawo shi. Ƙwanƙwasa kaɗan ba ta cika yin ɓarna ba, amma in ta yi tsanani ta daɗe tana iya fasa zoben fistin, ko ma ta huda kan fistin ɗin.

A 1927 wani masanin sinadarai a Amurka, Graham Edgar, ya wallafa ma'aunin da ake bi har yau. Ya zaɓi sinadarai biyu. Na farko, heften, ƙwayoyin kabon bakwai ne a jere kamar tsarkiyar carbi, kuma matsi kaɗan ke sa shi ya fashe. Aka ba shi sifiri. Na biyu, ayiso-okten, kabon takwas ne masu rassa, mai tsananin juriya. Aka ba shi 100. Idan aka gwada wani fetur a injin gwaji, aka ga ya fara ƙwanƙwasa daidai inda gaurayen kashi 95 na ayiso-okten da kashi 5 na heften ke farawa, sai a ce lambarsa 95. Ba lallai ne a sami ayiso-okten mai yawa haka a cikinsa ba, kwatance ne kurum.

Akwai hujja mai sauƙi da malami zai iya ba ɗalibai don nuna cewa lambar ba ta da alaƙa da yawan makamashi. Sinadarin itanol, wanda ake samu daga rake ko masara, lambarsa ta haura 100, amma makamashin da ke cikin lita ɗaya tasa ya gaza na fetur da kimanin kashi ɗaya bisa uku.

Me ya sa ke nan masu ƙera motocin gudu suke neman mai lamba babba? Dalili shi ne, gwargwadon yadda aka ƙara matsi, gwargwadon aikin da inji ke tatsowa daga kowane ɗigon mai. Wasu injunan kuma an sa masu tabo, na'urar da ke amfani da ƙarfin hayaƙi tana cusa ƙarin iska cikin silinda. Duka biyu suna kai inji bakin iyakar ƙwanƙwasa. Ƙarfin yana cikin ƙirar injin, shi man nasa dai ya ba inji damar yin aikin da aka ƙera shi dominsa. An ga haka a 1940, lokacin da mayaƙan saman Ingila suka koma amfani da mai lamba 100: an sami ƙarin ƙarfi ne domin an gyara injunan jiragen yadda za su karɓi iska mai matsi fiye da da.

Motocin zamani suna da wata 'yar na'ura manne a jikin inji wadda ke sauraren girgiza. Da zarar ta ji ƙwanƙwasa sai ta sanar da kwamfutar mota, ita kuma ta jinkirta tartsatsin fulogi kaɗan. Inji ya tsira, amma ƙarfi ya ragu, shan mai ya ɗan ƙaru. Saboda haka motoci suka kasu uku. Wadda kamfani ya ce fetur na kullum ya ishe ta, ba abin da mai tsada zai ƙara mata. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada irin waɗannan motoci a 2016 ba ta ga wani amfani ba, ta kuma ƙiyasta cewa direbobin ƙasar sun yi asarar fiye da dala biliyan 2 a shekara guda wajen sayen man da motocinsu ba sa bukata. Wadda aka ce wajibi ne a ba ta mai lamba babba, to a ba ta. Wanda ya iya sayen irin wannan mota ya koma yana rowar mai, gyaran fistin zai ci abin da ya tara har da riba.

Rukuni na tsakiya, inda kamfani ya ce an fi so ba tare da ya wajabta ba, shi ne wurin lissafi. A 2017 ƙungiyar ta gwada waɗannan, ta sami matsakaicin ƙarin kashi 2.7 cikin 100 a nisan da lita ke kai mota, da kashi 1.4 a ƙarfin inji. Alal misali, a ɗauka mota tana shan lita 10 a kilomita 100, kuma litar mai na kullum kuɗinta 100 ne, ta mai tsada 120. Da na farko za a kashe 1,000. Da na biyu za ta sha kimanin lita 9.74, watau kuɗi 1,169. Direba ya biya ƙarin 169 don ƙarfin da da wuya ya ji shi a titin gari. Sai dai a filin tsere, ko wajen jan kaya mai nauyi cikin zafin rana, inda inji ke daɗewa a bakin iyakarsa, bambancin yakan fi haka fitowa.

Neman ɗaga wannan lamba da araha ya taɓa jawo wa duniya babbar musiba. A 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano cewa ɗan sinadarin darma kaɗan yana hana ƙwanƙwasa, aka fara sayar da irin man a 1923. Darmar ta riƙa fita ta salansa tana shiga huhu da jini. Jiki yakan ɗauke ta tamkar kalsiyam, ta zauna a ƙashi, ta hana wasu sinadaran da ke haɗa jan jini aiki, ta kuma dakushe ƙwaƙwalwar yara ƙanana, lahanin da ba ya gyaruwa. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun amince a Dakar a 2001 su daina amfani da shi kafin ƙarshen 2005, Aljeriya kuwa ita ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da shi, a 2021. Yanzu matatun mai suna ɗaga lambar ne ta hanyar sauya fasalin ƙwayoyin man su zama masu rassa ko zobe, ko kuma a gauraya itanol.

A Nijeriya sunan fetur a hukumance PMS ne, kuma harafin farko yana nufin firimiyam. Suna ne kawai na fetur ɗin da kowa ke saye, ba shaida ba ce ta lamba 98. Mai motar da aka shigo da ita daga waje sai ya duba littafinta, ko cikin murfin tanki, ya kuma lura da ƙasar da aka yi ta dominta. Hanyoyin gwaji biyu ne, ɗaya mai sauƙi, ɗaya mai tsanani. Turai tana rubuta sakamakon mai sauƙin, Amurka kuwa tana haɗa biyun ta raba, shi ya sa 87 na Amurka ya yi kusan daidai da 91 ko 92 na Turai, 93 kuma da 98. Zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri yana ƙara kusantar da inji ga ƙwanƙwasa, tun da iskar da yake zuƙa ta riga ta yi zafi. Kananzir kuwa lambarsa ƙasa take ƙwarai, don haka man galan da aka gauraya da shi ya fi cutar da mota mai tabo fiye da tsohuwar a-kori-kura mai ƙaramin matsi.