Dajin Majami'a a Ƙasar Habasha

A darasin labarin ƙasa mun sha jin cewa daji yana ƙarewa a Afirka. A wannan shafi muna so mu duba wata ƙasa inda dajin ya kusa ƙarewa ƙaƙaf, amma ya bar saura a harabar majami'u da wurin kaburbura.

Wurin shi ne arewacin Habasha, musamman tuddan yankin Amhara, kusa da Tafkin Tana inda babban reshen kogin Nilu ya taso. Wanda ya dubi ƙasar daga jirgin sama da rani zai ga gonaki sun bushe har iyakar ganinsa. Amma nan da can sai ya hangi wani ɗigo kore shar, a tsakiyarsa kuma ga rufin wani gini mai zagaye. Ginin majami'a ce ta Ikkilisiyar Otodoks ta Habasha, koren kuwa ɗan daji ne. An ƙiyasta cewa irin waɗannan ƙananan dazuzzuka sun kai 35,000 a ƙasar.

Me ya sa gatari bai cinye su ba? Bangaskiyar Kirista ta kafu a Habasha tun ƙarni na 4, zamanin Sarki Ezana na Aksum, kuma masu bi a can sun daɗe suna ɗaukar itatuwan da ke kewaye da majami'a kamar tufafinta. Suna kwatanta wurin da gonar Aidan. A ƙarƙashin itatuwan nan suke binne matattunsu, a inuwarsu kuma yara suke koyon karatu wurin firistoci. Mutum ba ya shiga ya yi itacen girki. Ko a shekarar 1975, da gwamnatin soja ta Derg ta mai da ƙasar noma mallakar gwamnati, ikkilisiya ta rasa gonakinta masu yawa, amma dazuzzukan da ke kewaye da majami'u sun tsira.

Wani masanin gandun daji ɗan ƙasar, Dakta Alemayehu Wassie, ya bi irin wannan daji a wurare 28 a Gondar ta Kudu yana ƙidaya. Ya sami iri 168 na itatuwa manya da ƙanana da masu nannaɗe, 160 daga ciki 'yan asalin ƙasar ne. Akwai zaitun na jeji, akwai manyan ɓaure, akwai wani da suke kira wanza, wanda mu muka sani da suna alilliba. A cikin rassan akwai birai da tsuntsaye da jemagu. Akwai kuma ƙudan zuma, waɗanda suke fita zuwa gonakin maƙwabta su yi wa furanni barbara, manomi ya ci riba ba tare da ya biya ko kwabo ba. A wasu wuraren ma maɓuɓɓugar ruwa tana cikin dajin.

To, amma ga abin da ya kamata mu lura da shi sosai. Da masanin ya sunkuya ya dubi ƙasa, sai ya ga a wurare da yawa manyan itatuwa ba su da magada. Babu wanda ya sare su, gaskiya ne. Amma shanu da awaki suna shiga neman inuwa da ciyawa, su cinye tsiron da ya fito, su tattake sauran, ƙasa ta daddale. Manomi kuma in ya zo huɗa yakan ci taku ɗaya a gefen dajin, baɗi ya ƙara wani, shi kansa bai san ya yi ɓarna ba. Wasu majami'u sun shuka itacen turare, wanda aka kawo ƙasar daga Ostareliya zamanin Sarki Menelik na 2, domin yana girma da sauri kuma ana samun kuɗi da shi, alhali yana shan ruwa da yawa, ƙarƙashinsa kuma ba abin kirki da ke tsirowa. Mutane suna girmama tsohon itace, amma ba mai ganin jinjirin da bai kai gwiwa ba. Dajin da duk tsofaffi ne a cikinsa, ko da kore yake shar, kwanakinsa ƙidayayyu ne.

Maganin da suka samo bai da wuya. Dakta Alemayehu, tare da wata masaniya Ba'amurkiya mai suna Margaret Lowman, suka zauna da firistoci, aka shirya a kewaye dazuzzukan da katangar dutse. Jama'ar ikkilisiya ne suke ginawa, duwatsun kuwa daga gonakinsu suke tsintowa, garma ma ta huta. Inda aka yi katangar, dabbobi sun daina shiga, ƙananan itatuwa suka fara tasowa.

Bari mu dawo gida. A garuruwanmu, tsohuwar maƙabarta, ta Kirista ko ta Musulmi, sau da yawa nan ne ake ganin tsamiya ko kuka ko kanya da suka fi kowa a unguwar shekaru, saboda ba a noma wurin, ba a kuma yin itace a ciki. Kurciya da hasbiya suna sheƙa a can, bushiya da damo suna samun mafaka. Mujiya ma tana nan, wadda muke jifa don camfi, alhali ɓerayen da suke cin hatsinmu take kamawa.

Mu dai mun ɗauki tsabta a kan a share haraba tal, a kuma cinna wa ciyawar maƙabarta wuta da kaka. Tsoron maciji dalili ne na gaske, ba mu ce a bar hanyar kabari ta toshe ba. Amma a ganinmu lauje ya isa ya buɗe hanya, wuta kuwa ba ta bambanta ciyawa da ɗan tsiron ɗorawa. In mun tashi shuka kuma, kusan kullum darbejiya ce, wadda asalinta daga Indiya take. Inuwarta da daɗi, amma ba za ta ba mu kalwa ko man kaɗe ba.

Saboda haka muna roƙon kowane aji ya nemi izinin fasto da dattawan ikkilisiya a daminar nan, a fita da littafi da fensir. A rubuta sunan kowane babban itace da ke harabar majami'a da maƙabarta, a tambayi tsofaffi sunan wanda ba a sani ba. Sa'an nan a sunkuya a nemi 'ya'yansa da suka tsiro a kusa, a ƙidaya su. Wanda aka samu, a kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando kafin a saki awaki bayan girbi.