Amsoshin Tambayoyinku: Mene Ne Insoleshan?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: mene ne insoleshan, kuma ina amfaninsa?

To Malam, insoleshan shi ne yawan ƙarfin hasken rana da ke sauka a kan fili. Can sama, kafin hasken ya ratso iska, kowane murabba'in mita na samun kusan wat 1,361. Da tsakar rana, idan sama ta yi garau, kimanin wat 1,000 ke isowa ƙasa. Gajimare da hazon hunturu kan rage shi sosai. Da wannan ma'auni injiniyoyi ke lissafa faifan sola nawa famfon noman rani ke buƙata. Allah ya wadata yankin Sahel da wannan haske, sai dai kafin ka sayi sola, nemi masani ya yi maka lissafi.