ƘIBA DA HAWAN JINI

A ƙasarmu mutane da yawa sun ɗauki ƙiba alamar wadata. Idan mutum ya sami muƙami, ko kasuwa ta yi masa kyau, ya ajiye teɓa, sai a ce ya ji daɗi. Ba a tuna wahalar da zuciyarsa take sha.

Zuciyar baligi tana bugawa kamar sau 70 a minti ɗaya, tana harba jini wajen lita 5 ko da mutum yana zaune. Kitse kuwa yana da rai, yana da nasa jijiyoyin da dole jini ya bi. Saboda haka in jiki ya ƙara nauyi, jinin da ke cikinsa yakan ƙaru, ƙoda kuma ta riƙa riƙe gishiri da ruwa fiye da kima. Sai zuciya ta shiga tura jini da ƙarfi, dare da rana. Da haka hawan jini yake kama mutum. In abin ya daɗe, naman zuciya ya yi kauri ya ƙage, daga baya ta gaza. A nan ne ake ganin haki, da kumburin ƙafa, da kasa kwanciya rigingine. Wani ma ba ya ganin alamar kome sai ran da ɓarin jikinsa ya shanye.

A 1997 aka buga wani bincike da aka yi kan baƙar fata a ƙasashe dabam-dabam. An tarar masu hawan jini 16 ne cikin ɗari a Afirka ta Yamma, 26 a tsibiran Karibiyan, 33 a Amurka. Asalin mutanen ɗaya ne, amma inda ƙiba da cin gishiri suka fi yawa, nan cutar ta fi yawa.

Ga hanyar awo wadda ba ta bukatar sikeli. A sami igiya a auna tsawon mutum daga ka har ƙasa, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita dab da saman cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, shi ne kuwa mafi haɗari.

Abin farin ciki, jinin yakan sauka in an rage nauyi: kusan maki ɗaya ga kowane kilo. A rage mai da sukari da lemon kwalba. Gishiri kada ya kai ƙaramin cokali ɗaya a yini, har da na cikin dunƙulen miya. A yi tafiyar ƙasa ta rabin awa kullum.

Siririn mutum ma yana iya samun hawan jini, don haka kowane baligi ya je asibiti a auna shi. In awon ya kai 140 bisa 90 an maimaita, sai a ga likita. Wanda aka riga aka ɗora a kan magani kada ya daina sha don ya ga ya rame, sai likita ya ce.