Yadda Ake Auna Iskar Taya Ba Tare da Rikita PSI da Bar Ba

Ba a gane iskar taya da shuri ko da matsa ta da hannu. Sai da geji, sai kuma ka san ma'aunin da gejin ke nunawa.

Fara da buɗe ƙofar direba. A jikin ginshiƙin ƙofar, ko a bayan murfin tankin mai, akwai takardar da kamfanin motar ya manna, mai nuna iskar da tayoyin gaba da na baya ke buƙata. Yawancin ƙananan motoci PSI 30 zuwa 35 suke so. Kada ka bi lambar da ke jikin tayar kanta. Wannan iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, kuma a nan direbobi da yawa ke cutar kansu.

Sai ka duba wane ma'auni takardar ta yi amfani da shi. Motar Amurka PSI take rubutawa, wato ƙarfin fam a kan murabba'in inci. Ta Turai bar, ta Japan sau da yawa kPa. Wannan na ƙarshe daga pascal yake, ma'aunin da masana kimiyya suka amince da shi, mai ɗauke da sunan Blaise Pascal na Faransa wanda ya rasu a 1662. Pascal ɗaya ƙarfin newton ɗaya ne a kan murabba'in mita. Ƙanƙani ne ainun, shi ya sa ake ƙirga shi dubu-dubu.

Lissafin bai da wuya. Bar 1 daidai yake da kPa 100, kuma kusan PSI 14.5 ne. Idan takardar ta ce bar 2.2 alhali gejin mai faci PSI yake nunawa, ninka 2.2 da 14.5, ka samu kusan 32. Idan kPa 230 ta ce, raba da 100 tukuna, ka samu bar 2.3, wato PSI 33.

Auna da sassafe, ko bayan motar ta huta awa uku. Cire murfin bawul, danna gejin sosai har ƙarar fitar iska ta ɗauke, sannan ka karanta. Bayan doguwar tafiya a kan kwalta da tsakar rana, lambar za ta hau saboda zafi. Kada ka bari a rage maka iska a lokacin. In an rage, tayar na hucewa iskar za ta koma ƙasa da yadda ake so.

Tayar ajiya ma a auna ta, sau ɗaya a wata tare da sauran.