Kafin Ka Kwance Bakin Aljihu: Nasiha ga Mai Neman Kwamfutar Gem

 Akwai tambayar da ke yawan fitowa daga bakinku, ku da kuke karatu a Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Ramat, da ku da kuke koyon gyara a Kasuwar Jagwal. Yaro ya sha wuya ya tara 'yan kuɗinsa, yana son kwamfutar da za ta ɗauki gem, sai ya rasa tudun dafawa: laftof zai saya ko ta tebur? A cikin sa'o'ina akwai masu ɗaure fuska da sun ji an ambaci gem. Ni ba na cikinsu. Kowane zamani da wasansa, mu ma mun buga dara da langa har iyaye suka gaji da kira. Kuma na'urar da za ta ɗauki EA Sports FC ko GTA V ita ce dai za ta ɗauki zanen gini da haɗa bidiyo. Abin da nake jiye muku shi ne asarar kuɗin gumi.

Bari in fara da abin da za ku ji a bakin masu sharhi a YouTube, domin gaskiya suke faɗa. In kuɗin ɗaya ne, ta tebur ta fi laftof ƙarfi. Zuciyar gem ita ce katin hoto, kuma suna ɗaya ba ya nufin ƙarfi ɗaya. Ku ɗauki RTX 3060 na kamfanin Nvidia. Na tebur yana jan wuta wat 170, kuma an fara fitar da shi da ma'ajiyar gigabait 12. Wanda ke cikin laftof mai wannan sunan gigabait 6 gare shi, an kuma rage masa wuta don kada ya gasa gidansa. Bayan haka, ta tebur ana gina ta sannu a hankali: bana ka ƙara RAM, baɗi ka canza katin hoto, in wani abu ya ƙone ka cire shi kaɗai. A laftof kuwa katin a manne yake da uwar allo. Ranar da ya mutu, sau da yawa na'urar ce gaba ɗaya ta tafi.

To amma masu wannan sharhi a Amurka da Ingila suke zaune, inda ake shekara ba a ɗauke wuta ba. Ku a Yerwa kuke, wato Maiduguri. Ba ku manta ba, a watan Janairun 2021 'yan ta'adda suka kayar da turakun babban layin da ke kawo wuta ta hanyar Damaturu. Aka gyara a watan Maris, ba a je ko'ina ba suka sake rusa shi, gari ya daɗe cikin duhu. A watan Maris na 2023 aka ƙaddamar da tashar gas mai megawat 50 da NNPC ta gina, an samu sauƙi, alhamdulillahi, amma har yau babu wanda zai rantse muku cewa wutar da aka kawo da azahar za ta kai la'asar. Saboda haka tambayar farko a gidanku take: awa nawa kuke samun wuta, kuma me kuke kunnawa in an ɗauke?

Ku ɗauki biro mu yi lissafi tare. Ta tebur mai matsakaicin ƙarfi, haɗe da allonta, takan ja wat 300 zuwa 400 in gem ya yi zafi. Laftof irin na masu ƙaramin ƙarfi yakan tsaya wajen wat 120 zuwa 180. Babban batirin sola mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe wutar da ta kai wat 2,400 na awa guda, amma in irin na ruwa ne rabinta kawai ya kamata a sha, in ana son ya yi ƙarko. Ke nan ta tebur za ta shanye wannan rabin cikin awa uku zuwa huɗu, ba a kunna fanka ba, Inna ba ta yi cajin waya ba. Laftof zai ninka wannan lokaci. In kuma janareto kuke dogara da shi, kun san yadda kuɗin fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023.

Akwai kuma ɗaukewar wuta ba sallama. Ta tebur nan take take mutuwa, aikin da ba a adana ba ya tafi, kuma wutar da ke dawowa da ƙarfi ita ce ke ƙona akwatin wutarta, wani lokaci har da uwar allo. Dole ke nan a saya mata UPS da sitabilaiza, kuma UPS ɗin 'yan mintoci zai ba ka ka kashe ta cikin mutunci, ba na ci gaba da wasa ba ne. Ka haɗa kuɗinsu da na allo da kibod da linzami da tebur, sai ka ga arahar ta ragu. Laftof da nasa batirin yake tafe. Sai dai kada a ruɗe ku: da an zare caja ƙarfinsa yake raguwa, kuma da wuya ya wuce awa ɗaya ko biyu yana gem.

Sai zafi da ƙura, kuma a nan laftof ne mai rauni. A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40. Kwamfuta kuwa in cikinta ya doshi digiri 90 zuwa 100 sai ta rage gudu da kanta don ta tsira, shi ne za ka ga hoto yana tsinkewa ana tsakiyar wasa. Ta tebur gidanta da faɗi, fankokinta manya, ka kwance murfi ka hure ta cikin minti goma. Laftof komai a matse yake. Ku je ku tsaya kan mai gyara bayan hunturu ya wuce, ku ga ya kwance bayan wani laftof. Tsakanin fanka da siraran ƙarafan da ke fitar da zafi za ku ga ƙura ta dunƙule ta yi kauri kamar saƙar gwado, sai ya sa ɗan hantsaki ya ɗago ta guda. Man da ke kan ƙwaƙwalwar na'urar ya bushe yana farfashewa. Mai na'urar ya zo da kukan ta tsufa, alhali numfashi ne ya gagare ta. Duk wanda ya sayi laftof a garin nan ya sa a ransa zai kai shi shara da canjin wannan mai aƙalla sau ɗaya a shekara. Kada ya ɗora shi kan katifa ko dardumar ɗaki, ya samo abin da zai ɗaga bayansa iska ta ratsa.

Ku tuna kuma da daren 10 ga Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da kewayen fadar Shehu. Wanda ya fita a wannan dare da abin da hannu zai ɗauka ya fita, a nan kuwa laftof ya fi ta tebur sauƙin ɗauka. Allah ya kiyaye gaba. Amma sauƙin ɗauka kaifi biyu gare shi, domin abin da ka saɓa cikin jaka ɓarawo ma haka zai saɓa, a ɗakin kwanan ɗalibai ko a cikin Keke Napep.

Ga shawarata a taƙaice. In kai ɗalibi ne, kana tsakanin aji da gida, gidanku babu sola mai ƙarfi, kuma kwamfuta ɗaya za ta yi maka karatu da wasa, sayi laftof mai matsakaicin kati irin GTX 1650 ko RTX 3050, ka haƙura da rage kyan hoto. In kuwa kana da ɗaki tsayayye mai makulli, akwai sola ko unguwarku na samun wuta, ko kana tunanin buɗe gidan gem ko shagon haɗa bidiyon biki, ta tebur ce taka. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sami tsohuwar ta ofis irin Dell OptiPlex ko HP, ka sa mata SSD da RAM gigabait 16, sannan ka ƙara kati marar cin wuta. Akwai GTX 1650 da wat 75 ya ishe shi, ba ya neman wata wayar wuta daban. Sai dai ka auna gidan tukuna, don siririn gida sai gajeren kati.

Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024, kwamfuta sabuwa dal ta fi ƙarfin yawancinku, ta hannu za ku saya. To a nan sai an buɗe ido. Ko a nan gida ne, ko Farm Centre da titin Beirut a Kano, ko Computer Village a Ikeja, ba a cinikin biri a sama. Kada ka tura kuɗi don hoton da ka gani a WhatsApp. Je da wanda ya san kan abin. Ka ce a kunna gem mai nauyi ya yi rabin awa a gabanka, ka kai tafin hannu bakin iska, ka saurari fanka ko tana gurnani. Zare caja ka ga yadda batiri ke sauka. Dubi ko gindin na'urar ya kumbura, ka buɗe ka rufe murfin ka ji gaɓarsa. Haska fitilar waya cikin ramukan USB da kan kusoshi. Tsatsa ko farin gishiri alamar ta taɓa shan ruwa ce. Ka tambayi zubin ƙwaƙwalwar, domin Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma daga zubi na 8 na Intel take karɓa. A rubuta maka rasit da lambar na'urar da kwanakin gwaji, don kada wata rana a ce kayan sata ne a hannunka. Mai gaskiya ba ya jin haushin gwaji. Fitilu masu launi kuwa ba sa ƙara gudu ko kaɗan, kada ka biya kuɗinsu.

Ku ware wani abu na data, domin akwai gem ɗin da ya haura gigabait 100, kuma jinkirin intanet babu katin da ke maganinsa.

Saura magana ta tsakanina da ku. Kada ɗayanku ya taɓa kuɗin makaranta, ko ya ci bashin manhajojin waya masu ruwa, ko ya matsa wa mahaifiyarsa ta sayar da tunkiyarta don abokinsa ya sayi mai tsada. Daidai ruwa daidai tsaki. In kuɗin bai kai ba, ƙara wata shida kana tari, sannu ba ta hana zuwa. In Allah ya sa ta zo hannu, ka sa ta yi aikin da za ta mayar da kuɗinta: koyi zanen kati da fosta, koyi AutoCAD ko rubuta manhaja, ka karɓi aikin buga takardun 'yan ajinku. Ku ma 'yan matana maganar nan da ku nake, sana'ar kwamfuta ba ta maza kaɗai ba ce. Wasa kuma a yanka masa lokaci. In an kira salla a ajiye, in Baba ya yi aike a tashi, in jarrabawa ta matso a rufe shi sai an gama.

Allah ya sa ku sayi rabonku, ya tsare ku daga algus da asara, ya ba garinmu lafiya da zama lafiya mai ɗorewa. Amin.